Babi na Bakwai: Horar da 'Yan Kwana-kwana da Tunkarar Sinadarai Masu Haɗari

Aikin kashe gobara yana cikin sana'o'in da jama'a suka saba aunawa da jarumta kaɗai, domin abin da ido yake gani shi ne mutum ya doshi wurin da kowa yake gudu ya bari. Amma waɗanda suka san aikin daga ciki sun daɗe da gane cewa ƙarfin zuciya ya fi sauran abubuwan da ake buƙata sauƙin samu, kuma shi ne yake saurin kai mutum ga halaka idan ba a haɗa shi da ilimi ba. Wannan babi zai duba yadda ake horar da ɗan kwana-kwana da yadda ake ba shi takardar shaidar ƙwarewa, sannan ya daɗe a kan reshen aikin da ya fi kowanne wuya, wato tunkarar sinadarai masu haɗari. Za a fi kawo misali da tsarin Amurka, saboda a can ne aka rubuta ƙa'idojin dalla-dalla, kuma ƙasashe da yawa daga can suke aro.

Abin da ake koya wa sabon ɗauka

Kafin a danƙa wa sabon ɗauka mesar ruwa, ana fara zaunar da shi a aji a koya masa halin wuta. Wuta ba ta tashi sai abubuwa uku sun haɗu, wato abin da za ta ci, da zafi, da iskar oksijin. Masana kuma suna ƙara na huɗu, wanda shi ne sarƙar hulɗar sinadarai da take sa harshen wuta ya ci gaba da ciyar da kansa, kuma duk wata dabara ta kashe gobara ba ta wuce raba wutar da ɗaya daga cikin waɗannan huɗun ba. Ruwa yana aiki ne ta hanyar ɗauke zafi, kuma idan ya koma tururi girmansa yana ninkuwa kusan sau 1,700, abin da yake taimakawa wajen danne wuta a ɗakin da yake rufe, amma yake iya dafa fatar wanda ya fesa shi ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan sai a koya masa karanta hayaƙi, domin hayaƙi makamashi ne da bai gama ƙonewa ba. Idan ya taru a ƙarƙashin rufin ɗaki, zafinsa ya kusanci digiri 600 a ma'aunin Selsiyos, duk kayan da suke cikin ɗakin suna iya kamawa a lokaci guda, kuma wanda wannan ya rutsa da shi a ciki daƙiƙu kaɗan suka rage masa, ko da yana sanye da cikakken kayan kariya. Akwai kuma akasin haka, inda wuta take cinye iskar ɗaki ta lafa kamar ta mutu, sai wani ya ɓalle ƙofa ko taga iska ta shiga, ta tashi da ƙarfin fashewa. Kayan ɗakin zamani, irin su katifar soso da kujerun roba da leda, sun sa waɗannan abubuwa biyu suna faruwa da sauri fiye da zamanin da kayan gida katako ne da auduga, kuma hayaƙinsu yana ɗauke da guba mai kisa tun kafin wuta ta taɓa jiki.

Saboda wannan hayaƙi ne na'urar numfashi ta zama abu mafi daraja a jikin ɗan kwana-kwana. Tukunya ce da ake goyawa a baya, cike da iska irin wadda kowa yake shaƙa amma an matse ta, ba oksijin zalla ba kamar yadda mutane da yawa suke zato, kuma tana haɗe da abin rufe fuska. Tukunyar da aka rubuta wa minti 30 ba ta kai wa mai aiki tuƙuru haka, domin mutumin da yake ɗauke da kaya masu nauyin kilo 20 ko fiye, yana rarrafe cikin zafi da tsoro, numfashinsa ya ninka na wanda yake zaune. Shi ya sa ake rufe wa ɗalibi ido a sa shi ya bi mesa da hannu har ya fita, yana gane hanyar waje daga yadda mahaɗan mesar suke, kuma a horar da shi ya riƙa duba ma'aunin iskarsa ya juya tun da sauranta. Dokar Amurka ta tanadi cewa idan mutum biyu suka shiga ginin da yake ci, dole a sami wasu biyu a waje cikin shiri domin ceto su. Ƙarfin jiki ma ana gwada shi: a jarrabawar da hukumomi da yawa na Amurka da Kanada suke amfani da ita, mai neman aiki yana yin ayyuka takwas a jere, daga hawan matakala zuwa jan mesa da ɗaga tsani da jan mutum-mutumi mai nauyin babban mutum, cikin minti 10 da daƙiƙa 20, sanye da riga mai nauyin kusan kilo 23.

Atisaye da wuta ta gaske shi ne ƙarshen wannan mataki, kuma shi kansa ya ci rayuka kafin a yi masa iyaka. A shekarar 1982 'yan kwana-kwana biyu suka rasu a wani atisaye a garin Bolda na jihar Kolarado, abin da ya kai ga fitar da ƙa'ida ta musamman a 1986 game da irin makamashin da aka yarda a ƙona, da yawan malaman da za su tsaya a kan ɗalibai, da tanadin ruwa na ko-ta-kwana.

Ma'anar takardar shaida

Halartar horo daban, samun shaidar ƙwarewa daban, kuma rashin bambance su yana jawo ruɗani a ƙasashe da dama. Takardar halarta tana nuna cewa mutum ya zauna a aji na wasu kwanaki; takardar ƙwarewa kuwa tana nufin an gwada shi a rubuce da kuma a aikace bisa ma'aunin da aka sani tun da farko, kuma ya ci. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na ƙungiyar NFPA, wadda aka kafa a Amurka a 1896 domin rigakafin gobara, kuma ta fitar da ƙa'idarta mai lamba 1001 a 1974, inda ta kasa ƙwarewar ɗan kwana-kwana zuwa matakai. A yau mai mataki na farko yana aiki ne ƙarƙashin kulawar wani kai tsaye, mai mataki na biyu kuma yana iya jagorantar ƙaramar tawaga. Kowane aiki an rubuta shi da sharaɗinsa: ga abin da za a yi, ga kayan da za a ba mutum, ga sakamakon da za a gani kafin a ce ya iya. Ita ƙungiyar ba ta horar da 'yan kwana-kwana domin ba su wannan takarda, kuma ƙa'idojinta ba doka ba ne sai wata jiha ko hukuma ta ɗauke su ta mayar da su doka. Jihohi da makarantu su suke yin jarrabawa, su kuma akwai hukumomi biyu da suke tantance su, wato Pro Board da IFSAC, waɗanda suke bincikar yadda ake tsara tambayoyi da adana su, da tabbatar da cewa malamin da ya koyar da wani aiki ba shi ne zai yanke hukunci a kan ɗalibinsa ba.

Amfanin wannan dogon tsari yana bayyana ne ranar babbar gobara, lokacin da motocin garuruwa daban-daban suka haɗu a wuri guda, kwamandan da bai taɓa ganin fuskokinsu ba kuma ya zama dole ya san abin da kowa zai iya kafin ya tura shi. Muhimmancinsa ya ƙaru a Amurka, inda kusan kashi biyu cikin uku na 'yan kwana-kwana masu aikin sa-kai ne, manoma da makanikai da malaman makaranta da suke barin sana'arsu idan an yi kira. Wasu ƙasashen sun bi wata hanyar: a Faransa rundunar kashe gobara ta birnin Faris sojoji ne tun da Nafoliyon ya kafa ta a 1811, kuma Jamhuriyar Nijar ta gaji irin wannan tsari na soja, yayin da a Najeriya dokar 1963 ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, wadda take da makarantar horaswa a Sheda da ke yankin Kwali na Abuja, jihohi kuma kowace tana da tata hukumar. Ko wace hanya aka bi, takarda tana tsufa, domin hannun da ya shekara bai ɗaura na'urar numfashi ba ya manta, kuma shaidar da ba a sabunta ta da atisaye labarin jiya kawai take bayarwa.

Inda ruwa da gaggawa suke zama haɗari

Duk abin da aka cusa wa ɗan kwana-kwana a horonsa na farko yana tura shi ne ga sauri, da kusantar wuta, da zuba ruwa. Horon sinadarai masu haɗari yana zuwa ne ya koya masa akasin waɗannan ukun, kuma wannan ne ya sa ya fi wuya, domin ana neman mutum ya danne ɗabi'ar da aka yi watanni ana gina masa. Abin da ake nufi da kaya masu haɗari shi ne duk wani abu, ruwa ne ko iska ko gari, wanda idan ya kuɓuce daga mazubinsa zai iya cutar da mutane ko dukiya ko muhalli, ta hanyar fashewa ko ƙonewa ko guba ko cin fata ko tururin nukiliya.

Tarihin wannan fanni an rubuta shi ne da rayukan waɗanda suka isa wuri ba su san abin da yake ci ba. Ranar 16 ga Afrilu, 1947, wuta ta kama a jirgin ruwan Grandcamp a tashar Texas City, yana ɗauke da kimanin tan 2,300 na amoniyam naitiret, sinadarin da ake yin takin zamani da shi; jama'a suka taru suna kallon hayaƙinsa mai launi, jirgin ya fashe, mutane aƙalla 581 suka mutu, ciki har da 27 daga cikin 'yan kwana-kwana 28 na garin. Abin baƙin ciki shi ne yadda wannan sinadari ɗaya ya riƙa maimaita darasin. A watan Afrilu na 2013 ya fashe a wani rumbun taki a garin West na jihar Texas ɗin dai, ya kashe mutum 15, waɗanda 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne, kuma hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa ba a horar da su game da haɗarin takin ba, ba a kuma yi wani shiri tun da wuri game da rumbun ba. A watan Agusta na 2015, a tashar jiragen ruwa ta Tiyanjin a ƙasar Sin, mutum 173 suka salwanta, 104 daga ciki 'yan kwana-kwana, a wani sito da aka tara amoniyam naitiret da wasu sinadarai iri-iri. Ranar 4 ga Agusta, 2020 kuma, aka aika 'yan kwana-kwana tara da ma'aikaciyar jinya ɗaya zuwa sito mai lamba 12 a tashar Beirut, ba tare da an gaya musu cewa tan 2,750 na wannan sinadari sun shekara shida a ciki ba, kuma babu wanda ya dawo a cikinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya gaza a jarumta. Bayani ne bai kai gare su ba, kuma alhakin wannan yana wuyan masu ajiyar kayan da hukumomin da suka san da su.

Bayan bala'in Bhopal na Indiya a Disamba 1984, inda iska mai guba ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari ta kashe dubban mutane cikin dare, Amurka ta yi doka a 1986 wadda ta wajabta wa masana'antu sanar da hukumomin gari da 'yan kwana-kwana irin sinadaran da suke ajiye da su. Daga wannan doka ne kuma aka fitar da ƙa'idar da ta fara aiki a 1990, wadda ta kasa masu kai ɗauki zuwa matakai biyar. Na farko shi ne matakin faɗakarwa, na wanda zai iya fara cin karo da abin, kamar ɗan sanda ko mai gadi, kuma aikinsa ya gane haɗarin, ya nisanta kansa, ya hana jama'a kusantowa, ya kira waɗanda suka dace, ba tare da ya taɓa komai ba. Na biyu shi ne matakin karewa daga nesa, mai buƙatar horon aƙalla awa 8, inda ake tare abin da ya zube da bangon ƙasa ko yashi don kada ya shiga magudanar ruwa. Na uku shi ne na ƙwararren da yake shiga har wurin ɓular ya toshe ta, wanda yake buƙatar aƙalla awa 24 da gwajin iyawa. Sai na huɗu, masanin wani rukunin sinadarai na musamman, da na biyar, kwamandan da yake riƙe da ragamar wurin. Kowane mataki sai an sabunta shi duk shekara.

Ginshiƙin duka matakan shi ne gane abu daga nesa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba kaya masu haɗari zuwa aji tara, ta kuma ba kowane sinadari lamba mai alƙaluma huɗu da ake liƙawa a jikin tanka ko kwantena: 1203 fetur ne, 1202 man dizal, 1223 kananzir, 1075 iskar gas ta girki, 1017 kilorin da ake tace ruwan famfo da shi, 1942 kuma amoniyam naitiret. A jikin gine-gine ana amfani da wata alama mai kusurwa huɗu, inda shuɗi yake nuna illa ga lafiya, ja saurin kamawa da wuta, ruwan ɗorawa saurin fashewa, fari kuma wani gargaɗi na musamman kamar hana zuba ruwa, kuma ana auna tsananin ukun farko daga 0 zuwa 4. Hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko suna fitar da wani ɗan littafin jagora duk shekara huɗu, wanda ake ajiyewa a cikin mota: mutum ya hango lamba da tabarau mai jawo nesa, ya duba ta a shafuka masu launin ruwan ɗorawa, su tura shi zuwa shafuka masu ruwan lemo inda aka faɗi abin yi da abin bari, korayen shafuka kuma su ba shi nisan da za a kwashe jama'a idan iska mai guba ce. Ana tunkarar wurin ne ta inda iska take tasowa, kuma daga tudu, sannan a raba shi gida uku: da'irar ciki da ba mai shiga sai mai cikakkiyar kariya, da ta tsakiya inda ake wanke duk wanda ya fito kafin ya cire kayansa, da ta waje inda kwamanda da masu jinya suke. Rigar kashe gobara ta yau da kullum an yi ta ne domin zafi, sinadari yana ratsa ta. Mafi girman kariya ita ce riga mai rufe mutum ruf har da na'urar numfashinsa, amma ita kuma ba ta jure wuta, zafin cikinta yana gajiyar da mutum da wuri.

Batun ruwa yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne kyakkyawar niyya take yin ɓarna. Kabayid ɗin da masu walda suke amfani da shi, idan ruwa ya taɓa shi, yana fitar da iska mai saurin kamawa da wuta. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhunan wake da masara don kashe ƙwari, idan ta jiƙe, tana sakin iskar fosfin mai kisa. Fetur kuwa ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka yana hawa kansa ya bi shi duk inda ya gangara yana ci, abin da ya sa ake kashe shi da kumfa, wadda take shimfiɗuwa a samansa ta raba tururinsa da iska. Sai kuma tankar gas da wuta take lasa: ɓangaren ƙarfen da yake sama da ruwan gas ɗin ba shi da abin da zai ɗauke masa zafi, sai ya yi laushi a daidai lokacin da matsin ciki yake ƙaruwa, har ya tsage, ruwan ya koma iska nan take, girmansa ya ninku kusan sau 270, ya zama dunƙulen wuta, gutsattsarin ƙarfe kuma su yi tafiyar ɗaruruwan mitoci. Irin wannan ne ya kashe 'yan kwana-kwana 11 a garin Kingman na jihar Arizona a watan Yuli na 1973. Abin da ake koyarwa a yau shi ne, idan ƙarar bawul ɗin tankar ta fara hauhawa ko launin jikinta ya sauya, a bar komai a janye, kuma akwai lokacin da hukunci mafi hikima shi ne a kwashe mutane a bar wutar ta cinye abinta.

Haɗarin bai ƙare da mutuwar wuta ba, domin a 2022 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya aikin kashe gobara cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, shi ya sa wanke kaya da jiki bayan kowane aiki ya shiga cikin darussa.

Tankar mai a bakin hanya

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, haɗarin sinadarai da ya fi cin rayuka ba a masana'anta yake ba, a kan kwalta yake. A watan Mayu na 2019 wata tankar fetur ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, ta kashe fiye da mutum 50. A daren 15 ga Oktoba, 2024, irin haka ta faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku kacal, ranar 18 ga Janairu, 2025, mahaɗar Dikko a jihar Neja ta ga nata, da rayuka fiye da 80. A duka ukun akwai tazara tsakanin faɗuwar motar da tashin wutar, kuma a cikin wannan tazara ne jama'a suka taru da jarkoki da bokitai. Talauci da tsadar mai suna da hannu a ciki, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mamatan laifi alhali ba a taɓa gaya musu halin abin da suke tsaye a ciki ba. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Jigawa, yayin da dizal sai ya haura digiri 50. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, yana bin ƙasa yana neman gangare kamar yadda ruwan sama yake bin kwata, kuma idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsin janareta ko na babur ko karan sigari daga nesa ya isa ya mayar da wutar har gindin tankar. Littafin jagoran da aka ambata ya ce a killace aƙalla mita 50 ta kowane gefe da zarar an ga zubar, a duba yiwuwar kwashe mutane har mita 300 ta inda iska take nufa idan zubar mai yawa ce, idan kuma tankar ta kama a janye mita 800.

Motar kwana-kwana mafi kyau a duniya ba za ta isa ƙauyen da yake nesa da babban gari cikin wannan tazara ba. Waɗanda suke wurin a mintocin farko su ne 'yan sanda, da jami'an kiyaye haɗurra, da direba da yaron mota, da 'yan sintiri, da mai unguwa da limamin da jama'a suke jin maganarsu, kuma abin da ake buƙata daga gare su shi ne matakin faɗakarwa, wanda ba ya neman mota ko kumfa ko riga mai tsada, sai 'yan awoyi na koyarwa cikin harshen da suke ji. Hukumomin kashe gobara na tarayya da na jihohi, tare da ƙungiyoyin direbobin tanka da masarautu, su ne suka fi cancanta su kai wannan horo garuruwan da suke kan manyan hanyoyin dakon mai, su gwada waɗanda suka koya, su kuma koma duk shekara su sake gwada su.